Yadda ake haɗa sake, giyar shinkafa ta Japan

Ƙwayar shinkafa sitaci ce, yis kuwa sukari yake ci. Shi ya sa a tukunyar sake (sunan ya yi kama da kalmarmu, amma ba su haɗa komai ba) aiki biyu ke tafiya tare: fumfunar koji tana mai da sitaci sukari, yis yana mai da sukarin giya.

Da surfe ake farawa. A goge bayan ƙwayar, inda mai da furotin suke, don su ke ɓata ƙamshi. Nau'in ginjo sai an goge har kashi 60 cikin ɗari ko ƙasa da haka ya rage, daiginjo kuma kashi 50. Sai wanki da jiƙo. Shinkafar da ta sha surfe tana zuƙar ruwa da sauri, don haka da agogo a hannu ake jiƙa ta, a tsame in ta ƙara kusan kashi 30 na nauyinta. Turara ta ake yi, kusan awa guda. Wadda ta yi caɓa-caɓa narkewa take da wuri, giyar ta yi nauyi.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na shinkafar shi ake mayarwa koji. A baza a ɗaki mai ɗumin digiri 30, a barbaɗa irin fumfunar, a riƙa motsawa da hannu na kwana biyu, har zafinta ya wuce digiri 40 kaɗan. Masu aikin ba sa cin natto, waken soya da aka ruɓar, don ƙwayar bakteriyar da ke cikinsa na iya mamaye ɗakin.

Daga nan a tayar da uwar yis, wato ɗan haɗin shinkafa, koji da ruwa inda yis ke yawaita, tsami yana kare shi daga wasu ƙwayoyin bakteriya. In an zuba sinadarin tsami irin na nono, mako biyu ya isa. Tsohuwar hanyar kimoto, inda tsamin ke fitowa da kansa, tana cin kusan wata. Ba a juye komai lokaci ɗaya: sau uku ake ƙara shinkafa, koji da ruwa cikin kwana huɗu, rana ta biyu hutu. In aka yi gaggawa, tsamin ya tsinke, wasu ƙwayoyin su riga yis. A bar haɗin ya tashi kwana 20 zuwa 30 a sanyin digiri 10 zuwa 15, a matse, a ɗumama zuwa digiri 60 ko 65 don kashe ƙwayar bakteriyar hiochi mai gurɓata shi.

Ruwa ke bambanta yanki da yanki. Na Nada a Hyogo, gidan shinkafar Yamada Nishiki, yana da ma'adinai masu zaburar da yis, giyar ta fito da kaifi. Na Fushimi a Kyoto ya fi laushi, giyarsa ma haka. Ko'ina dai ana gudun ruwa mai ƙarfe, don yana rina giya ja-ja. A Disambar 2024 UNESCO ta saka wannan sana'a cikin kayan gadon duniya, amma a Japan haɗa shi a gida ba lasisi laifi ne.