Ƙuri'ar Ficewa Daga Ƙungiyar Ƙasashe: Shirin Ɗan Kasuwa a Legas

Ɗan uwa da ke Mile 12 ko Alaba Rago, ranar ƙuri'ar raba gardama ba ita ce ranar fita ba. Birtaniya ta kaɗa tata a 2016, ba ta bar Tarayyar Turai ba sai 31 ga Janairun 2020. A ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanadi sanarwa a rubuce da jiran shekara guda. Nijar, Mali da Burkina Faso, waɗanda ba su yi ƙuri'a ba, sun fita ranar 29 ga Janairun 2025.

A wannan tazarar ake shiri. Sabunta fasfo tun bai ƙare ba, ka karɓo bashin da kake bin abokan ciniki na ƙetare. Kayan masana'anta kuwa kada su tashi babu takardar shaidar asali ta ETLS, wato tsarin ECOWAS na yafe harajin kwastam ga kayan da aka yi a ƙasashenta, domin rashinta ne ke sa kwastam su caji cikakken haraji a iyaka.