Kurakuran Da Masu Koyon Binciken Hira Suka Fi Yi A Fannin Lafiyar Al'umma

Ma'aikacin lafiya da ya saba da cike fom da ƙidayar marasa lafiya yakan shiga binciken hira da lura, wato binciken da ake sauraron mutane don a gane dalilansu, yana ɗauke da tunanin lissafi a kansa, kuma daga nan yawancin kurakurai suke tasowa. Ƙididdiga takan nuna yawan iyayen da ba su kai 'ya'yansu rigakafi ba, amma dalilin ƙin kaiwar sai an zauna da su an saurara.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne tambayar da ta zo da amsarta. Idan mai bincike, sanye da farar riga, ya ce wa uwa, "Ai kin san rigakafi yana da amfani, ko?" ba abin da zai ji sai "Haka ne, likita," domin nauyinsa ba zai bar ta ta musa ba. Abin da ya dace shi ne ya ajiye rigar, ya ce, "Ba ni labarin zuwanki asibiti na ƙarshe," sannan ya ja bakinsa. Sabon shiga yana tsoron shiru, da zarar an daina magana sai ya jefa wata tambayar, alhali sau da yawa bayan wannan shirun ne uwar za ta ambaci ma'aikaciyar da ta daka mata tsawa a gaban mutane, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ta komawa.

Wasu kuma sukan yi hira da mutum 15, su rubuta cewa kashi 60 cikin ɗari sun ce kaza. Ba a zaɓo waɗannan mutane don su wakilci al'umma a lissafi ba, an zaɓo su ne don bambancin abin da suka sani. Ana dakatar da yin hira ne idan sababbin hirarraki suka daina kawo sabon bayani. A wani nazari da wani mai bincike, Guest, da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, yawancin jigogi, wato manyan batutuwan da ke maimaituwa a bakin mutane, sun bayyana cikin hirarraki 12 na farko daga cikin 60, sai dai mahalartan masu kama da juna ne, don haka ba doka ba ce.

A tattaunawar rukuni, wadda galibi ake yi da mutum shida zuwa goma, haɗa shugaba da na ƙasa da shi yakan rufe bakin kowa. A raba su.

Wajen nazari, tsinto zantuka masu daɗi don su mara wa ra'ayin mai bincike baya ba nazari ba ne. Masu bincike Braun da Clarke sun zayyana matakai shida na nazarin jigogi a 2006, kuma na farkonsu shi ne a karanta rubutattun hirarrakin har a san su ciki da waje kafin a fara fitar da jigogi. Manhajar nazarin hirarraki irin NVivo tana taimakawa ne wajen adanawa da tsara bayanai, ba ta tunani a madadin mutum. Maganar da ta saɓa wa ta sauran ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kafin a saka zancen wani a rahoto, a cire sunansa, a kuma cire sana'a ko muƙamin da zai sa maƙwabtansa su gane shi.