Yadda ake cigiyar kayan da suka ɓata da miƙa tsintuwa a wuraren shaƙatawa na Saudiyya

A hutun ƙaramar Sallar da ta wuce muka fita da iyali daga Makka zuwa wani lambu da ke bakin teku a Jidda. Aka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, aka buɗe kulolin shinkafa da fulas ɗin shayi, yara suka bazama wajen lilo. Ba mu naɗe kaya ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Mun wuce Bahra, mun doshi shingen Shumaisi, sai na ji goggona tana lalube a kujerar baya.

"Ɗan nan, ba ka ga ƙaramar jakata ba?"

Igamarta, wato katin izinin zama a Saudiyya, na ciki, da katin banki, da maganin hawan jini, da 'yan kuɗin barka da Salla da jikoki suka haɗa mata. Da muka zazzage motar ba mu gani ba, sai ta ce, "Bar shi kawai, Allah ya mayar da alheri. Wa zai tsinci jaka a wannan taro ya mayar?"

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri mu koma. Idan ba mu samu ba, mun dai yi namu."

Jakar tana ɗakin masu gadi. Wani lebura mai shara ne ya tsince ta a gindin bishiyar da muka zauna, ya kai. Mai gadin bai nuna mana ita ba sai da Goggo ta faɗi launinta da abin da ke cikin aljihun gefe, ya duba hoton igamar, ya dubi fuskarta, sannan ya ba ta takarda ta sa hannu. Tun daga ranar na lura cewa da yawa daga cikin mutanenmu, mazauna da alhazai, suna asarar kayansu ne saboda ba su nema, ko ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Wanda ya yi tsintuwa kuma yakan rasa inda zai kai, har abin ya zame masa nauyi.

Idan kayanka ne suka ɓata

Abu na farko, ka koma a daren, kada ka ce sai gari ya waye. A nan ƙasar mutane sun fi fita bayan Isha'i, musamman lokacin zafi, masu shara kuma suna bin bayansu. Abin da ya kwana a ciyawa yana iya shiga buhun shara tare da ledoji da kofunan shayi ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Ka fara da inda kuka zauna, sannan bayan gida, wurin alwala, masallacin lambun, rumfar da kuka sayi wani abu da inda kuka ajiye mota. Ka tambayi leburorin da ke aiki a wurin cikin mutunci, domin su ne suka fi kowa sanin abin da aka tsinta.

Daga nan sai ɗakin masu gadi, wanda yawanci yana bakin babbar ƙofa. Ko Larabcinka bai nuna ba, kalmomi biyu sun ishe ka: mafƙudat, wato kayan da suka ɓata, da amanat, wato kayan ajiya. Ka bayyana abin da kyau. Cewa "baƙar jaka" ba ya gamsar da kowa, baƙaƙen jakunkuna sun cika gari. Ka faɗi girmanta, inda zif ya lalace, abin da ke ciki, lokacin da ka gan ta na ƙarshe. Idan ba a kawo ba tukuna, ka bar sunanka da lambar wayarka, ka tambayi lokacin da ake canjin masu gadi, ka sake dawowa, don wanda ya karɓi kayan da dare ba lallai ne shi za ka tarar da safe ba.

Yana da kyau ka san wanda ke riƙe da lambun. Mafi yawan lambunan cikin gari, irin Lambun Sarki Abdullah da ke Malaz a Riyad, Lambun Sarki Fahad a Madina, ko Rudaf a Ɗa'if inda mutanen Makka ke gudun zafi, suna ƙarƙashin baladiyya ne, wato hukumar birni da suke kira amana. Lambar kai ƙorafi ga baladiyya ita ce 940, akwai kuma manhajar Balady. Idan lambun ƙarami ne na unguwa, babu mai gadi, nan za ka kira ka tambayi ofishin da ke kula da shi. Wuraren da ake shiga da tikiti kuwa galibi kamfani ne ke tafiyar da su, ofishinsu na karɓar baƙi za ka nufa.

Yayin da kake wannan zirga-zirga, kada ka bar katin banki a buɗe. Ka shiga manhajar bankinka ka dakatar da shi, domin katin mada, wato katin bankunan Saudiyya, ana biyan ƙananan kuɗi da shi ta hanyar taɓa na'ura kawai, ba sai an sa lambar sirri ba. Idan waya ce, ka ari ta wani ka kira ta, ka bi sawunta ta Find My ko ta asusunka na Google, ka kulle ta daga nesa da saƙon da ke ɗauke da lambar da za a same ka. Layin kuma, na STC ne ko Mobily ko Zain, ka sa a rufe shi a ba ka wani. Layi a Saudiyya da sunanka da zanen yatsanka aka yi masa rajista, kuma ta cikinsa saƙonnin sirri na Absher, wato manhajar ayyukan gwamnati, da na banki suke shigowa. Wannan ya fi wayar kanta muhimmanci.

Idan abin mai daraja ne kuma masu gadi ba su da shi, sai ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, na unguwar da lambun yake. Ka je da shaidarka, ka shigar da rahoton da suke kira balagi, ka karɓi lambarsa. Ga waya za su nemi lambar IMEI, wadda ke jikin kwalinta, kuma tana fitowa idan ka danna *#06# tun wayar tana hannunka. Akwai manhajar Kulluna Amn ta hukumar tsaro da ake aika rahoto ta cikinta. Lambar gaggawa ita ce 911 a yankunan Makka, Madina, Riyad da Gabas, ko 999 ta 'yan sanda, amma wannan ta abin gaggawa ce, kamar ɓatan yaro ko fizgen jaka a gabanka. Ka faɗi gaskiyar yadda abin ya faru: idan faɗuwa ya yi ka ce faɗuwa ya yi, kada ka ce sata don a ɗauki maganarka da zafi.

Mutanenmu kan matsa wa mai gadi ya nuna musu abin da kyamara ta ɗauka, idan ya ƙi su ga kamar wulaƙanci ne. Ba haka ba ne. Tun shekarar 2022 akwai dokar kyamarorin tsaro da ta hana fitar da hotunansu ko yaɗa su sai da izinin hukumar tsaro ko umarnin shari'a. Shurɗa ne ke nema, shi ya sa saurin kai rahoto yake da amfani kafin sabon hoto ya hau kan tsoho. Kuma don Allah, kada ka ɗauki hoton wanda kake zargi ka watsa a WhatsApp ko TikTok. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya ɓata sunan wani ta wannan hanya. Sai ka ga mai neman waya ya koma mai neman lauya.

Takardu suna da tasu hanyar. Igama ana kai rahoton ɓatanta cikin awa 24, kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka, ko mai gida ne ke bin maganar ta Absher ko wajen jawazat, hukumar shige da fice, kuma akwai tarar riyal 1,000 kafin a ba da wata. Kafin ta fito, kwafinta da ke cikin Absher a wayarka yana tsaya maka. Fasfo kuwa, bayan rahoton shurɗa sai ofishin jakadancin ƙasarka a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, inda ake ba da takardar tafiya ta gaggawa. Alhaji ko mai Umra ya fara da jagoran tawagarsa ko wakilin kamfanin da ya kawo shi.

Idan kai ne ka yi tsintuwa

Nan ne na fi so mu tsaya, domin nan ne ake shiga haƙƙi ba a sani ba. Da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tsintuwa, a hadisin Zaidu bin Khalid Aljuhani da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ce a san jakarta da maɗaurinta, sannan a yi cigiya shekara guda. Abin da mai gadin nan ya yi wa Goggo ke nan: ya ɓoye alamar, ya bar mai kaya ta faɗa da bakinta. Ƙaramin abin da ba a komawa nemansa, kamar dabino guda ko alƙalamin riyal ɗaya, malamai sun yi sauƙi a kansa. Waya, zobe, jaka da kuɗi kuwa amana ce tun daga lokacin da hannunka ya taɓa.

Ka ɗan tsaya a wurin tukuna, sau da yawa mai abin yana nan yana dube-dube. Idan bai zo ba, ka kai ɗakin masu gadi, kuma ka kai a bayyane, kada ka cusa a aljihu da niyyar za ka miƙa an jima. Kyamara tana ganin hannu, ba ta ganin niyya. Ka ƙirga kuɗin a gaban mai gadin da wani shaida, ka sa a rubuta, ka riƙe lokacin da ka miƙa. Inda babu mai gadi, ofishin shurɗa mafi kusa. Katin banki ana iya kai shi reshen bankin da ya bayar. Idan za ka yi cigiya a rukunin unguwa, ka ce an tsinci jaka a wuri kaza ranar kaza, ka tsaya a nan. Kada ka sa hoton igama ko fasfon mutum da lambobinsa, za ka iya jawo masa abin da ya fi asarar katin. Kada kuma a yi cigiya cikin masallaci, Muslim ya ruwaito hani a kan haka. A ƙofa ake yi.

Jakar da aka bari ita kaɗai, a rufe, ba ka san ta ba, ba a buɗe ta. Nuna wa mai gadi kawai.

Makka dabam take. A huɗubar da Annabi ya yi lokacin buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, ya ce tsintuwarta ba ta halatta sai ga mai cigiya, kuma Muslim ya ruwaito hani a kan tsintuwar alhaji. Malamai sun yi saɓani: a mazhabar Malik da muka taso a kanta an fi ɗaukar ta kamar ta sauran garuruwa, Shafi'i kuwa yana ganin ba a mallakar ta ko an shekara nawa ana cigiya, kuma wannan ne fatawar da ta fi yaɗuwa a nan. Abin da mutane ke mantawa shi ne hukuncin bai tsaya a masallaci ba. Iyakar Harami ta kai Tan'im inda Masallacin A'isha yake, ta kai wajen Shumaisi ta hanyar Jidda, Mina da Muzdalifa duk suna ciki. Ashe ɗan lambun da yaranmu ke wasa a Shara Mansur ko Misfala shi ma Harami ne. Wanda ba zai iya ɗaukar cigiyar da ba ta da ranar ƙarewa ba, ya miƙa wa hukuma ya huta.

A cikin masallatan Makka da Madina kuwa shawarata ga alhazai ita ce kada ka sunkuya ka ɗauki komai, ko da kuɗi ne a gaban ƙafarka wajen ɗawafi. Ka nuna wa askari ko ma'aikacin da ke kusa. Hukumar da ke kula da masallatan biyu tana da ofishin mafƙudat inda ake tara irin waɗannan kaya, kuma nan za ka tambaya idan naka ne ya ɓata. Baƙon da ba ya jin Larabci, aka gan shi da jakar wani a cikin cunkoso, bayani zai yi masa wuya ko da zuciyarsa fara ce.

Akwai 'yan uwanmu da takardunsu ba su cika ba, waɗanda ko inuwar shurɗa ba sa son gani. Na san wannan tsoro, kuma ba na raina shi. Amma bai zama dalilin riƙe kayan mutane ba. Ka ba mai gadin lambun, ko limamin unguwa, ko wani dattijo mai igama ya kai a madadinka. Wata baiwar Allah maƙwabciyarmu ta riƙe zoben da 'yarta ta tsinta wata uku a ƙarƙashin katifa, ba ta sa ba, ba ta sayar ba, barci kuma ya gagare ta. Da ta faɗa wa matata, washegari na kai shi, ba a tambaye ni komai ba illa inda aka tsinta da ranar.

Yara ma a koya musu. Abin da suka gani a ƙasa su kira babba, kada su zo da shi gida.

Da za mu fito daga ɗakin masu gadi a daren nan, mutumin ya ce da ya ga lambar waya a jakar da tuni ya kira mu kafin mu bar Jidda. Kafin ku fita da iyali, ka rubuta lambar wayarka a 'yar takarda ka sa a kowace jaka, da aljihun kowane yaro, da na tsofaffi. Ka ɗauki hoton fasfo, igama da kwalin waya ka ajiye a wata wayar ta gida. Alhaji kuma ya bar katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, a wuyansa, ya riƙe katin masaukinsa dabam da jakar kuɗi. Takardar Goggo na rubuta mata da Larabci da boko, ta ninke ta sa a aljihun da take ajiye maganinta.