Yadda ake jinyar zomanya bayan an yi mata tiyatar cire mahaifa

Yawancin masu kiwon zomaye a Maradi don nama da sayarwa suke yi, amma akwai gidajen da zomo ya zama ɗan gida, yara sun saba da shi, ba a kuma da niyyar yanka shi. Irin wannan zomanya ce ake kai wa likitan dabbobi ya cire mata mahaifa da ƙwayayen haihuwa, ko don a tsayar da haihuwa, ko don a kare ta daga cutar dajin mahaifa, wadda take yawan kama zomanyar da ta haura shekara 3 zuwa 4. Aikin likita yana ƙarewa a rana ɗaya, na mai ita kuwa yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14, kuma a cikin waɗannan kwanaki daina cin abinci ya fi ɗinkin kansa haɗari. Duk wanda ya fahimci wannan tun farko, sauran jinyar za ta zo masa da sauƙi.

Jinyar tana farawa ne tun kafin a baro wurin likita. A tambayi sunan maganin kashe ciwo da ya bayar, da adadin da za a riƙa ba ta, da kwanakin da za a yi ana bayarwa. A tambayi irin ɗinkin da ya yi, domin akwai zaren da ake binnewa a ƙarƙashin fata ya narke da kansa, akwai kuma na waje da ake komawa a cire bayan kwana 10 zuwa 14. A karɓi lambar wayarsa. Likitocin dabbobi a yankinmu sun fi ganin shanu da tumaki da jar akuyar Maradi, saboda haka babu laifi mai zomanya ya tabbatar cewa an ɗora ta a kan ma'auni, an kuma auna maganin daidai da nauyinta, wanda ga yawancin zomayenmu bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Abu ɗaya da ya shafi kafin aikin ma: ba a hana zomo abinci a daren tiyata yadda ake yi wa mutum ko kare, domin zomo ba ya amai, kuma barin cikinsa babu komai yana jinkirta farfaɗowarsa.

Da an iso gida, a sa ta a wurin da aka riga aka shirya mata. Zomaye da yawa a gidajenmu suna zaune ne a kan yashi, suna haƙa rami suna shiga, to wannan bai dace da mai ɗinki a ciki ba, saboda yashi yana mannewa a raunin, haƙa kuma tana jan fatar cikin. A samo keji ko babban kwali mai faɗin da za ta iya miƙewa ta juya, wanda babu wani tudu a cikinsa da za ta yi tsalle ta hau. A shimfiɗa tsohon zane mai tsabta, a riƙa canja shi safe da yamma. Farin zane ya fi, domin yana nuna jini ko ruwan miki nan take. A ajiye kejin a cikin ɗaki mai iska inda kyanwa da kare da ɓera ba sa kaiwa, a kuma gaya wa yara cewa kallo kawai za su yi, ban da ɗauka.

Maganar zafi da sanyi tana bukatar lura, domin maganin barcin da aka yi mata yana saukar da zafin jikinta, wanda a lafiya yake kusan digiri 39. A daren farko a taɓa kunnuwanta. Idan sun yi sanyi ƙalau, ita kuma ta yi lamo, a zuba ruwan ɗumi a gorar roba, a naɗe da tsumma, a ajiye a gefenta, a bar mata sararin da za ta matsa idan ɗumin ya ishe ta. Wannan ya fi zama dole a watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin hunturu yake sauka da asuba. Kada a shigar da garwashi ɗakin, hayaƙinsa yana cutar da ita. A bazara kuwa matsalar ta juya. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwansa yake fitar da yawancin zafi, yana kuma fara wahala da zarar zafi ya kai digiri 30, alhali a Afrilu da Mayu Maradi tana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A irin wannan lokaci a naɗe gorar ƙanƙara da tsumma a ajiye mata, a shafa ruwa kaɗan a bayan kunnuwanta, a mayar da kejin ɗakin da ya fi sanyi a gidan. A ganina, wanda yake da zaɓin lokaci gara ya kauce wa yin tiyatar a tsakiyar bazara gaba ɗaya.

Yanzu ga babban aikin. Hanjin zomo an yi shi ne ya riƙa motsi dare da rana, ciyawa tana shiga, kashi yana fita. Ciwo da tsoro da maganin barci suna rage wannan motsi, idan kuma ya tsaya, iska tana taruwa a cikin, cikin ya yi ciwo, ciwon ya ƙara hana ta ci, har abin ya kai ga hanta ta lalace. Don haka tun sa'ar da ta iso gida a ajiye mata abinci a gaban bakinta, kada sai ta tashi nema. A sa busasshiyar ciyawa mai tsabta da ƴar harawa, ta wake ko ta gyaɗa, wadda ba ta yi fumfuna ba, sannan a kawo ɗanyen ganyen da ta saba ci kuma ta fi so, kamar ganyen karas ko ganyen dankalin Hausa ko salak ko zogale. Ganyen lambu, ko daga bakin Gulbi aka kawo shi ko daga Jiratawa, a wanke shi sosai saboda maganin feshi, a bar shi da ɗan ruwa a jiki, domin ta haka take ƙara samun ruwa. Kwanakin jinya ba lokacin gwada sabon abinci ba ne, kuma kada a cika ta da dusa ko hatsi ko kayan zaƙi don ana tausayinta. Ruwan sha a zuba shi a kwano mai nauyi da ba zai kife ba.

Sau da yawa zomanyar da ta juya wa abinci baya takan karɓa idan aka riƙe ganye ɗaya a hannu aka riƙa goga shi a hankali a kan hancinta. Da farko za ta kawar da kai, daga baya ta cije shi don haushi, kuma da ɗanɗanon ya shiga bakinta sai a ga ta ci gaba da taunawa. Ko ganye biyu ta ci a daren farko, alama ce mai kyau.

A riƙa duba shimfiɗar ana neman kashi. A kwana na farko yakan fito kaɗan, ƙanana kuma busassu kamar ƙwayar dawa, sannan ya riƙa girma yana komawa yadda aka saba gani. Idan sa'a 12 ta cika ba ta ci komai ba, ko ba ta yi kashi ba, a kira likita a lokacin, kada a ce a bari sai gobe. Idan ya ce a ɗura mata, a jiƙa abincin zomo na buhu da ruwan ɗumi har ya yi laushi ya dame, ko a niƙa ganye da ruwa, a zuba a sirinjin da aka cire wa allura. A naɗe ta da zane tana zaune a kan ƙafafunta huɗu, a sa bakin sirinjin ta gefen baki, inda akwai giɓi a bayan haƙoran gaba, a matsa mililita 1, a jira ta tauna ta haɗiye kafin a ƙara. Ba a kwantar da ita rigingine, domin abincin yana iya bin hanyar numfashi. Idan kuwa cikinta ya kumbura ya yi tauri, kada a ɗura mata komai, a kai ta wurin likita kai tsaye.

Maganin kashe ciwo shi ne yake buɗe mata baki ta ci, saboda haka a ba ta shi a kan lokaci har kwanakin su cika, ko da ana ganin ta warware. Zomo dabba ce mai ɓoye ciwo, amma akwai alamunsa: ta dunƙule wuri ɗaya, ta lumshe ido, ta riƙa cizon haƙora da ƙara. Maganin ciwon da likitoci suka fi bayarwa shi ne meloksikam. Abin da nake roƙon kowa a nan shi ne kada ya sayi kafso a wurin masu tallan magani ya ɗura mata. Amoksisilin da ampisilin da fenisilin, waɗanda mutane suke sha su warke, idan zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙananan halittu masu amfani da ke cikin hanjinsa, ya kamu da gudawar da take kai shi ga mutuwa. Ragowar maganin akuya ko na kaji ma haka, ba a ba ta sai da izinin likita.

Ɗinkin a duba shi sau biyu a rana. Ba a ɗaga zomo ta kunnuwa, ko da yake haka aka saba gani a kasuwa, balle mai ɗinki a ciki. Idan ta yi shure-shure a rataye, ɗinkin yana iya buɗewa, ƙashin bayanta ma yana iya karyewa. A sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinta, ɗayan ya tallafe ƙugunta, a ɗan ɗaga gabanta wani ya leƙa da tocila. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Jini mai ɗiga, ko mugunya, ko wari, ko raunin ya buɗe, ko dasashinta ya yi fari fat, waɗannan duka na komawa wurin likita ne a ranar. Kada a yi mata wanka, kada a shafa toka ko man kaɗanya ko wani gari a kan raunin. A damina ƙudaje ne babbar barazana, domin suna yin ƙwai a kan rauni ko gashin da ya jiƙe da fitsari, tsutsa kuma tana ƙyanƙyashewa cikin ƙasa da kwana ɗaya, saboda haka a lulluɓe kejin da gidan sauro, a tabbatar ƙarƙashin jelarta a bushe yake.

Wasu zomaye suna cizgar zaren da haƙoransu. Kwalar robar da ake sa wa karnuka a wuya ba ta dace da su ba sai in babu makawa, domin zomo yana fitar da wani kashi mai laushi, yawanci da dare, yana cinye shi kai tsaye daga jikinsa don ya samu sinadaran abinci, kwalar kuma tana hana shi kaiwa. Gara a yanke ƙafar tsohuwar safa mai tsabta a sa mata a tsakiyar jiki ta rufe raunin ba tare da matsewa ba, bayan an shawarci likita.

Daga kwana na 3 ko na 4 yawanci cinta yakan dawo, ta fara neman fita. A bar ta ta yi ƴar tafiya a kan tabarma a cikin ɗaki, motsin yana taimaka wa hanji, amma ban da gudu da tsalle da komawa yashi sai likita ya duba ya ce raunin ya haɗe. Namijin da suke tare a ajiye shi inda za su riƙa ganin juna ta bayan ragar waya, domin idan ya hau ta zai iya yaga ɗinkin. Bayan mako 2, idan raunin ya bushe, a fara haɗa su na ɗan lokaci a wurin da ba na ɗayansu ba, mutum yana tsaye a kansu, a raba su da zarar an ga alamar cizo, a sake gwadawa washegari.