Taya da Rim a Jamus: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Da zarar Oktoba ta kama sai wayata ta fara ƙara. Wani ɗan'uwa sabon zuwa Jamus ya sayi motarsa ta farko, sanyi ya fara bugawa, yana tambayar ko dole ne ya canza taya alhali tasa ba ta suɗe ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Dokar ƙasar ba ta yanke rana ba. Cewa ta yi in akwai ƙanƙara ko dusarta a kan titi, kada ka fito sai da tayar hunturu. In aka kama ka, tarar Yuro 60 ce, kuma a rubuta maka makin laifi ɗaya a rajistar direbobi da ke garin Flensburg. Tun 1 ga Oktoba 2024 ma tayar da ke ɗauke da alamar M+S (ta laka da dusar ƙanƙara) kaɗai ba ta wadatar, sai mai hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Jamusawa kan ce daga Oktoba zuwa Ista. Ni ban jira ganin dusa, da safiya ta fara sauka ƙasa da digiri 7 nake canzawa, don robar tayar bazara tana ƙagewa a sanyi, birki ba ya kamawa.

Amma abin da ya ci mini kuɗi, rim ne. Gishirin da ake watsawa a titi yana cin sa a hankali. Na ƙarfe ya yi tsatsa ja, wannan kowa na gani. Na alminiyom shi ne mugun: fenti ya kumbura, wani farin gari ya taru a ƙarƙashi, daidai bakin da taya ke zama. Ta nan iska ke sulalewa. Hunturu guda na yi ina tsayawa gidan mai duk mako ina ƙara wa tayar baya iska, irin yadda muka saba da mai faci a gida. Ran nan a babbar hanya, tayar ta yi gudu da ƙarancin iska har ta yi zafi, gefenta ya tsage, ga 'ya'yana biyu a kujerar baya. Da makaniken ya cire ta, ya shafa bakin rim ɗin da yatsa, garin ya zubo a ƙasa. Don Allah, in taya tana sauka ba ƙusa, a cire ta a duba rim. In cin bai yi zurfi ba a goge a shafa abin toshewa. In ya yi ramuka, ko ka ga tsaga, jefar da shi. Ba na yarda a yi wa rim ɗin alminiyom walda, ko da wa zai yi.

Daga nan ne mutanenmu ke faɗawa kuskure na biyu, wanda ya fi ɓata mini rai. Mutum ya ga rim huɗu masu araha a intanet, ya ƙirga ramuka biyar, ya ce ai sun yi. Haba malam! Golf na zamani da akasarin Marsandi duk 5x112 ne, wato ramuka biyar a kan da'irar milimita 112, amma ramin tsakiyar Golf milimita 57.1 ne, na Marsandi 66.6. Ga lambar ET da ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Ga kuma kan noti: na asali a Volkswagen mai kumburi ne kamar rabin ƙwallo, mafi yawan rim na kasuwa kuwa noti mai tsini suke so. Ka ɗaura wanda bai dace ba, zai yi kamar ya kama, sai bayan kwanaki sitiyari ya fara rawa. Na gani da idona a motar maƙwabcina, noti biyu da hannu aka kwance su. Rim ɗin da ba shi da takardar ABE, wato izinin hukuma, mai ɗauke da samfurin motarka, ka bar shi a inda ka gan shi.

Sauran ƙanana ne, amma a kiyaye. Kada a shafa wa noti giris. A goge mazaunin rim da buroshin waya kafin a ɗora. Doka ta yarda da zanen taya har milimita 1.6, ni kuwa tayar hunturu in ta kai 4 na rabu da ita. Lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta, 3519 na nufin mako na 35 a 2019, a duba kafin a sayi ta hannu. Taya mai kibiya a gefe, kibiyar ta bi yadda tayar ke juyawa in mota na tafiya gaba.

Masu hawa kan sifana da ƙafa kuma, ku daina. Golf tawa ƙarfin ɗauri 120 Nm take so, da sifana mai awo nake ɗaurewa, in sake bi bayan kilomita 50. Tayoyin da na cire nakan wanke musu gishirin tas, in rubuta wa kowace mazauninta da alli, in jera su kwance a ɗakin ƙasa inda rana ba ta shiga.