Yadda Ake Tsintar Tsofaffin Kwabbai a Canjin Yau da Kullum a Kumasi

Duk wanda ya ƙudiri aniyar neman tsofaffin kwabbai a cikin canjin da ke shiga aljihunsa a Kumasi, ya kamata ya sani tun farko cewa babu wata tsaba da ake ciniki da ita bisa doka a Gana yau wadda ta girmi shekarar 2007. A watan Yulin wannan shekara ne Babban Bankin Gana ya sauya kuɗi, ya datse sifiri huɗu, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, tsofaffin tsaba kuma suka fita daga kasuwa a ƙarshen shekarar. Saboda haka duk tsohuwar tsabar da ta faɗo hannunka a yau, kuskure ne ya kawo ta, ko gaggawa, ko duhun magariba, ko kuwa wani ne ya cusa ta cikin canji da gangan don ya rabu da ita. Aikin mai nema shi ne ya san wuraren da irin wannan kuskure ya fi aukuwa, ya kuma horar da idonsa har ya riƙa gane baƙuwar tsaba tun tana tafin hannu.

Ba za ka gane baƙuwa ba sai ka san 'yan gida. Pesewa ɗari ne ke yin sidi ɗaya. Pesewa 1 ja ce, tana ɗauke da gadar Adomi. Pesewa 5 tana da mutum yana busa ƙaho. Pesewa 10 littafi. Pesewa 20 kwanson koko. Pesewa 50 kuma hoton mace 'yar kasuwa. Sidi 1 yana da ma'aunin adalci, sidi 2 da aka fitar a watan Nuwamba na 2019 yana da fadar shugaban ƙasa, wato Jubilee House. Ka haddace waɗannan bakwai da girmansu da nauyinsu a hannu. Daga nan duk abin da ya saɓa musu, ko da ɗan kaɗan ne a launi ko a kauri, ka sa shi a aljihu na daban, ka bari sai ka isa gida.

Inda tsaba ta fi yawo, nan ne wurin nema. Karen motar tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, da ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Kejetia da unguwar Tafo ko Aboabo yana karɓar kuɗi mota na tafiya, ba shi da lokacin duba kowane kwabo, haka ma direban pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, da yarinya mai tallan piya wata a bakin danja, da mai tsaron banɗakin haya, da mai koko da ƙosai da ke fara ciniki tun kafin gari ya waye. Kusan kowane ɗayansu yana da wani gwangwani ko kusurwar tire inda yake jefa kuɗin da aka ba shi ya tarar ba ya ciyuwa. Wannan gwangwanin kake so, domin mai shi ya riga ya yi maka rabin aikin tacewa. Sai dai kada ka tare mutum yana tsakiyar ciniki. Ka bari rana ta ɗaga, layi ya ragu, ka sayi kokonka, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce: "Hajiya, don Allah in akwai tsofaffin kuɗin da aka haɗo miki da su waɗanda ba sa ciyuwa, ki ajiye mini, zan musanya miki da na yanzu." Ka kuma cika alkawari, ka biya ko da sidi ɗaya ne a kan kowace tsaba da ka zaɓa. Wanda ya ga ka biya sau ɗaya zai riƙa tuna ka duk lokacin da wata baƙuwar tsaba ta faɗo masa.

A ganina babu wurin da ya kai asusun masallaci albarka ga mai wannan nema. Mutane sukan zazzage abin da ke aljihunsu gaba ɗaya ranar Juma'a ba tare da dubawa ba, matafiya da baƙi kuma suna sallah a masallatan Zango fiye da ko'ina, don haka masu ƙirga kuɗin sukan tara abin da banki ba zai karɓa ba. A nan ladabi ya fi muhimmanci, domin dukiyar jama'a ce. Ka nemi izinin liman ko ma'ajin kwamiti, a yi musayar a gaban shaidu, kuma abin da za ka mayar cikin asusun ya fi abin da ka ɗauka. Bayan masallaci sai cikin gida: aljihun keken ɗinki, ƙasan adakar kaka, tsohuwar kwalla da aka jera a kabad tun zamanin aure. Waɗannan ba canjin kasuwa ba ne, amma canjin wata rana ne da aka manta, kuma a nan ne mafi tsufan kwabbai suke kwance. A tambayi mai ɗakin tukuna, domin wata tsabar tana da labarin da ya fi ta daraja a wurinta.

Kayan aikin ba su da yawa: faranti mai faɗi, farin ƙyalle, gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, da mayen ƙarfe, wanda ko na jikin tsohuwar lasifikar rediyo ya wadatar. Ka shimfiɗa ƙyallen a hasken rana, ka baza tsabar, ka bi ta kansu da mayen ƙarfen. Tsabar 2007 daga pesewa 1 zuwa 50 baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, don haka za su manne. Abin da ya rage a kan ƙyalle shi ya fi cancantar kallo, domin azurfa da tagulla da gaurayen jan ƙarfe da nikel na tsofaffin kuɗi ba sa mannewa. Amma kada ka mayar da waɗanda suka manne aljihu ba tare da dubawa ba, saboda wasu tsabar shekarun 1990, kamar sidi 50 da sidi 200, su ma ƙarfe ne mai rufi, kuma farinsu ya sa suna sajewa da na yanzu.

Su ne ma za ka fi cin karo da su. A 1991 aka fitar da sidi 10, 20, 50 da 100, a 1996 kuma aka ƙara 200 da 500. Sidi 100 mai launi biyu ne da hoton koko, shi ya sa a cikin duhu ake iya miƙa shi a matsayin sidi ɗaya na yanzu, alhali a lissafin 2007 bai wuce pesewa ɗaya ba. Sidi 200 yana da kusurwa bakwai da hoton wuri irin na kuɗin gargajiya, sidi 500 kuma rawaya ne mai kauri da hoton ganguna. An buga su da yawan gaske, don haka kada ka sa rai da kuɗi a kansu. Ka nemi mafi tsabta daga kowane iri da kowace shekara, ka bar saura.

Da ka ga tsaba mai shekarar 1967, ka shiga wani zamani. Bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, sababbin mahukunta sun so a kawar da fuskar Kwame Nkrumah daga kuɗi, sai aka fito da sabon sidi a Fabrairun 1967, da tsabar rabin pesewa da pesewa 1 na jan ƙarfe masu ganguna da tauraro, da pesewa biyu da rabi mai baki lanƙwashe-lanƙwashe, da 5 da 10 da 20 farare masu hoton koko. A 1979 aka ƙara sidi ɗaya rawaya mai kusurwa bakwai. Kafin waɗannan akwai iri biyu masu fuskar Nkrumah, kuma nan ne masu farawa suke rikicewa. Na 1958 kuɗin fam da sule ne, daga sisin kwabo har zuwa sule biyu, da kuma sule goma na azurfa wanda da wuya ka gan shi a gwangwanin kowa. Na 1965 kuwa pesewa ne, 5, 10, 25 da 50, na sidin farko da aka fara amfani da shi a ranar 19 ga Yuli na shekarar, wanda ya yi daidai da sule takwas da kwabo huɗu. Dukansu suna da rubutun Latin kewaye da fuskar, mai bayyana shi a matsayin wanda ya kafa ƙasar Gana, don haka ka juya bayan ka karanta ƙima da shekara. Na 1965 ba su kai shekara biyu a kasuwa ba kafin a sauya su, kuma wannan gajeren rai ya sa na fi son mai tarawa ya ba su muhimmanci.

Mafi tsufa da za ka iya samu cikin sauƙi su ne kuɗin Turawan mulkin mallaka, masu rubutun British West Africa, waɗanda aka ci kasuwa da su a nan da Najeriya da Saliyo da Gambiya. Su ne dattawanmu ke kira anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka. Anini da ɗari da kwabo suna da huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, kuma idan ka duba ƙasan hudar da gilashi za ka ga an rubuta ƙimar da haruffan Larabci. Sule kuma yana da bishiyar kwakwar manja. Abu biyu za ka duba a kansu. Na farko shekara: taro da sisi da sule da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, a 1920 aka rage azurfar sannan aka koma tagulla, don haka farin sule mai shekarar 1910 da wani abu yana da darajar ƙarfensa ko da ya side. Na biyu ƙaramin harafin da ke nuna masana'antar da ta buga shi, H ko KN, duka a yankin Birmingham na Ingila, domin kwabbai biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta a ƙaranci saboda wannan harafi kaɗai. Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a cikin shekarar. Yana da daɗin samu, amma an buga shi da yawa, kada wani ya sayar maka da shi da tsada a kan wai babu irinsa. Ka kuma lura kada ka haɗa su da kwabon Najeriya na 1959, wanda shi ma yana da huda da tauraro, amma sunan ƙasar yana jikinsa.

Kumasi garin fatauci ne tun zamanin da ayarin goro ke bi ta Salaga, saboda haka baƙin kuɗi ba sa yankewa. Sefa ta fi yawa, daga direbobin Burkina Faso da Nijar da Togo, kana gane ta da tambarin kifi mai dogon baki kamar zarto, wanda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na Akan. Akwai kwabon Najeriya na 1973, da halalar Saudiyya da alhazai ke dawowa da ita. Idan kuma wata tsohuwa ta nuna maka babban liyari na azurfa mai hoton Mariya Tariza da shekarar 1780, ka sani cewa an ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya har bayan ƙarni biyu, don haka lambar ba hujjar tsufa ba ce.

Kuskuren da ya fi lalata kwabbai shi ne gogewa. Hannu yana ƙaiƙayin ɗaukar toka da lemun tsami, ko soson ƙarfe, ko man goge tagulla, don tsabar ta yi ƙyalli, amma duhun da shekaru suka shimfiɗa a kanta shi ne shaidarta, kuma masu saye suna gane gogaggiyar tsaba da kallo ɗaya su karya farashinta. Idan laka ko maiƙo ya rufe rubutun, ka jiƙa ta a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ka ɗauraye, ka dangwala ta da ƙyalle mai laushi har ta bushe sarai. Ka riƙa kama ta ta gefe, domin gumin yatsa yana barin tabo. Damshin Kumasi kuma abokin gaba ne: tsabar jan ƙarfe da aka bari a leda mai laushi ko a gwangwani mai tsatsa takan yi kore ta fara cinyewa. Ka sa kowace a ƙaramin ambulan na takarda, ka rubuta ƙasa, ƙima, shekara, da inda ka same ta, ka ajiye su a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin busar da damshi irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Game da daraja, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ƙaranci da lafiyar jiki su ne ma'auni, kuma yawancin abin da za ka tsinta bai wuce kuɗin koko ba. Kafin ka sayar ko ka saya, ka duba kundayen tsabar kuɗi na intanet, ka kuma nemi farashin da aka sayar da irinta a zahiri, domin farashin da mai talla ya rubuta buri ne kawai. Ka yi nesa da duk wanda ya ce tsohon kwabonka yana ɗauke da wani sinadari na sirri da Turawa ke saye da miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista. Haka nan kada ka yi gaggawar kai farin sule wurin maƙerin azurfa, domin shi nauyi zai auna ya narkar. Wanda kuma yake son fitar da tsofaffin kaya zuwa waje, ya fara tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Gana, wadda ke ba da izinin fitar da kayan tarihi.

Kada neman na da ya sa ka raina na yanzu. Tsabar da aka fara a 2007 an sake buga wasu a shekarun da suka biyo baya, don haka ka riƙa karanta shekarar kowace, ka haɗa jeri. A Disambar 2022 an fitar da sabon samfurin sidi ɗaya mai ƙarin alamun tsaro, ka ajiye tsohon da sabon gefe da gefe. Pesewa 1 kuwa tuni 'yan kasuwa suka daina karɓarta, duk da Babban Banki ya sha nanata cewa kuɗi ce halattacciya, kuma samun mai jan launinta na asali yana ƙara wuya a Kejetia. Idan ka ci karo da irin wannan a kantin magani ko babban shago da ke ba da canji daidai, ka sa ta a ambulan tun a ranar, kafin damina ta taɓa ta.