Malafar katako: inda masu koyo suka fi tuntuɓe

Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wajen sassaƙa malafar katako, wannan magana ita ce sana'ar gaba ɗaya. JoHannes Michelsen na jihar Bamont a Amurka, wanda ya yi suna da wannan aiki tun wajen 1990, da gungumen ɗanyen icce yake farawa. Ya ɗora shi a injin sassaƙa mai juyawa, ya yi ta fiƙe shi har ya koma malafa mai kaurin milimita 2 zuwa 3, wadda mutum zai sa a kansa ya yini bai ji nauyi ba.

Kuskuren farko shi ne ɗauko busasshen katako, wai don kada ya tsage. Busasshe ba ya lanƙwasa, haske ba ya ratsa shi sosai, kuma yadda ya sauko daga inji a zagaye haka zai zauna. Kan mutum kuwa ba zagayayye ba ne, ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya. Ɗanyen icce idan yana bushewa, ta faɗi yake tsukewa, ta tsawon jijiyarsa, wato layukan da ke bin tsawon iccen, da ƙyar yake motsi. Wannan tsukewar ce ke mai da hular ta yi siffar ƙwai, ta zauna daram. Saboda haka a yanko gungumen ta yadda jijiyar za ta bi daga gaban hula zuwa bayanta, a kuma zubar da tsakiyar iccen, don daga nan tsaga ke tasowa. A Amurka an fi amfani da iccen mapul da ceri. In ba ranar za a yi aikin ba, a naɗe gungumen a leda.

Sai awo. Masu koyo kan auna kai daga goshi zuwa ƙeya su sassaƙa ramin a kan wannan, hula ta fito tana rufe kunnuwa. A auna tsawo, a auna faɗi, a haɗa a raba biyu. Kai mai tsawon inci 8 da faɗin inci 6, awonsa inci 7 ke nan, sannan a ƙara ɗan rara saboda tsukewa.

Inda aka fi asara shi ne wajen sirantawa. Ana ajiye ƙwan lantarki a bayan katakon yana juyawa. Da farko duhu za ka gani, sai ja-ja ya fara ɓullowa, sannan ya koma ruwan lemo yayin da katakon ke ƙara sirancewa, ruwan iccen kuma yana fantsamo maka a garkuwar fuska. Abin da ake nema shi ne launi ɗaya ko'ina. Amma fitila tana yaudara: inda bakin jijiya yake, wato inda aka datse ta, haske ya fi ratsawa, inda ya fara bushewa ko yake da baƙin tabo kuma sai ya yi duhu alhali ya riga ya yi siriri. Wanda ya dogara da ido kaɗai, sai dai ya ji fus, ƙarfe ya huda. A riƙa tsayar da inji ana tabbatarwa da ma'aunin kauri.

Daga bakin malafar ake farawa a nufi tsakiya, inci ɗaya bayan ɗaya, kuma inda aka wuce an wuce. Na san zuciya na raya wa mutum ya koma ya ɗan share wani tudu da ya bari. Kada ka koma. Wurin ya riga ya fara karkacewa, da ƙarfe ya taɓa shi zai cafke, bakin ya tarwatse. Tudun nan samfefa za ta ci shi daga baya. Ƙarfen ma a riƙa wasa shi akai-akai, dakusasshe tura katako yake yi maimakon ya yanka.

Haka nan ba a tafiya cin abinci a bar hula rabi da rabi a kan inji. A zama ɗaya ake gamawa, ana fesa mata ruwa. Wanda zai gwada da hunturu ya ninka fesawar.

Bayan an sauke ta sai a sa ta a matsi, wani ɗan katako mai danne ta daga gefe biyu, a ɗaure bakin da robobi don ya naɗo sama. Masu gaggawa kan ɗaure tamau a tashi ɗaya, su ji ƙas. A hankali ake ƙara matsin, ana dubawa ana gwada awo, har kwanaki kaɗan ta bushe. Sai sannan a goge ta da samfefa a shafa mata man sheƙi. Wajen ajiya kuma a juya ta ta zauna a kan tuluwarta, wato samanta, ko a rataye ta, kada a ɗora ta a kan bakin.